Awon ƙarfin manyan furosesa wajen renda: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu haɗa manyan kwamfutocin tebur domin aikin zane mai fuska uku, da kuma masu shirin mallakar irinsu. Na jera su yadda suka zo mini. Wasu layi biyu ya ishe su, wasu kuwa sai an gyara zama.

Wai me ake aunawa idan an ce an gwada furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta (CPU), da renda?

Renda ita ce aikin mayar da fagen da aka gina a cikin kwamfuta, da siffofinsa da fitilunsa da launukansa, ya zama hoto kammalalle. Manhajar kan harba tsinken haske daga idon kyamara ta cikin kowane ɗigo na hoton, ta bi shi ta ga inda ya daki bango, inda ya ratsa gilashi, inda ya tankwashe a ruwa, har ya kai ga fitila ko ya ɓace. Tana maimaita wannan ɗaruruwan sau a kan ɗigo guda kafin yashi-yashin hoton ya washe. Hoto mai faɗin 1920 da tsayin 1080 yana da ɗigo fiye da miliyan biyu, to ka lissafa da kanka.

Abin da ya sa masu awo suke son wannan aiki shi ne ɗigo ba ya jiran maƙwabcinsa. Ana iya yanka hoton gunduwa-gunduwa a raba wa kowace ƙwayar sarrafawa (core, wato ƙaramin injin lissafi da ke cikin furosesa) nata, kowa ya duƙufa. A nan ne sarkin yawa ke fin sarkin ƙarfi. Awon kansa iri biyu ne: ko a ba furosesa aiki ƙayyadadde a ga minti nawa za ta ci, ko a ba ta lokaci ƙayyadadde a ga yawan aikin da za ta sauke. Makin da kake gani ɗaya daga cikin biyun nan ne aka sa masa riga.

Wace irin furosesa ce "babba" a wannan magana?

Ajin da ke tsakanin kwamfutar gida da sabar kamfani. A 2017 AMD ta fito da Threadripper 1950X mai ƙwayoyi 16, Intel ta mayar da martani da Core i9-7980XE mai 18. Daga nan tsere ya kankama: 2990WX mai 32 a 2018, 3990X mai 64 a farkon 2020, sannan a 2023 aka ga Xeon w9-3495X mai 56 daga Intel da Threadripper PRO 7995WX mai 96 daga AMD. Ba yawan ƙwayoyi kaɗai ke bambanta su ba. Suna da hanyoyin RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) huɗu ko takwas maimakon biyun da aka saba, da layukan PCIe masu yawa na ɗaukar katunan hoto da ma'adanai.

Sai dai iyakar ta fara dushewa. Ryzen 9 7950X furosesar tebur ce ta gama-gari, amma ƙwayoyinta 16 ne, daidai da Threadripper na farko, kuma ta fi shi gudu nesa ba kusa ba. Don haka duk abin da zan faɗa a ƙasa ya shafe ta ita ma.

Da waɗanne manhajoji ake awon?

Wadda ta fi shahara ita ce Cinebench ta kamfanin Maxon na Jamus, masu Cinema 4D. Kyauta ce, ba ta da wahalar kunnawa, kuma kowa ya san lambobinta. Sai ma'aunin Blender, wanda ke gudanar da injin rendarsa mai suna Cycles a kan fage uku, Monster da Junkshop da Classroom, ya ba ka yawan samfurin (wato maimaicin harba tsinken haske a kan ɗigo) da aka lissafa a minti guda. Akwai na V-Ray da na Corona, duka biyun a ƙarƙashin kamfanin Chaos, kuma masu zanen gine-gine sun fi kula da su saboda da su suke aiki. Corona ma da furosesa kaɗai yake renda, bai dogara da katin hoto ba. Akwai kuma tsohon hannu, POV-Ray, wanda har yanzu wasu masu bita ba su yar da shi ba.

Shawarata a taƙaice: ka auna da injin da kake aiki da shi. Idan Blender ce sana'arka, makin Cinebench labarin gidan wani ne.

Zan iya kwatanta makin Cinebench R23 da na Cinebench 2024?

A'a, ko kusa, zubi (version) biyu ne daban na manhajar. R23 ta fito a 2020 da injinta da fagenta. Ta 2024, wadda aka saki a watan Satumba na 2023, ta koma kan injin Redshift da sabon fage mai nauyi da cin RAM fiye da na da, kuma aka sake ma'aunin makin gaba ɗaya. Furosesar da ke kawo dubu talatin da wani abu a R23 za ka ga ta kawo dubu biyu da 'yan kai a ta 2024. Ba lalacewa ta yi ba, mudun ne aka canza. Haka abin yake tsakanin R15 da R20 da R23, haka kuma tsakanin zubin Blender daban-daban. A Blender 3.0, a ƙarshen 2021, an sake gina Cycles sosai, saboda haka lokutan da aka ɗauka kafin nan ba sa zama a teburi ɗaya da na bayansa. Duk makin da aka rubuta ba tare da lambar zubin manhajar ba, ka wuce shi kawai.

Furosesata iri ɗaya ce da ta masu bita, amma makina bai kai nasu ba. An sayar mini da jabu ne?

Da wuya. Ruwa dai ba ya tsami banza, amma yawanci dalilin yana kusa da kai fiye da yadda kake zato. Idan tazarar kashi biyu ko uku cikin ɗari ce, ka manta da ita. Ko furosesa biyu da suka fito daga masana'anta rana ɗaya ba sa zama daidai wa daida. Idan ta kai kashi goma ko fiye, to akwai abin dubawa.

Fara da zafi. Ka buɗe manhajar sa ido irin HWiNFO kafin ka kunna gwajin, ka zuba wa abu uku ido: zafin furosesa, wat ɗin da take ja, da ainihin gudun ƙwayoyin. Idan zafi ya buga rufi gudu kuma ya fara zamewa ƙasa, ka gano ɓarawon. Daga nan ka duba iyakar wutar da madabod ɗinka, wato babban allon da ake dasa furosesa da RAM a kai, ya sa. Madabod biyu na kamfanoni daban-daban na iya ba furosesa ɗaya wuta daban, wani ya tsaya kan ƙa'ida, wani ya sake mata linzami tun daga kwali. Sai RAM: ka tabbata an kunna XMP ko EXPO, zaɓin da ke sa RAM ta yi cikakken gudunta, a BIOS, wato shafin saitin madabod, kuma sandunan suna ramukan da littafin madabod ya ce. Sai abubuwan da ke gudana a ɓoye, irin su burauza mai shafuka talatin a buɗe, manhajar kashe ƙwayar cuta da ta zaɓi wannan lokacin ta yi sintiri, manhajar fitilun ado, da sabuntawar Windows. Gwaji yana son duk ƙwayoyin, kowane ɗan kutse sai ya bayyana a maki. Ita kanta manhajar sa idon tana ɗan ci, don haka ka duba da ita a zagaye ɗaya, ka rufe ta a zagayen da za ka rubuta.

Akwai wanda ya taɓa ba ni wahala ni kaina. Na haɗa wata na'ura mai hanyoyin RAM huɗu, ta tashi lafiya, amma renda mai nauyi tana jan ƙafa. Na canza man da ake shafawa tsakanin furosesa da mai sanyaya, na sabunta BIOS, na zargi kowa da komai. Kwana biyu ina wannan kafin na lura cewa sanduna huɗu na sa, tsarin kuwa uku yake gani. Manyan furosesan nan suna kwanciya ne a kan fil fiye da dubu huɗu, kuma murfin soket ɗin yana da kusoshi uku masu lamba, 1 da 2 da 3, da ɗan maɗauri na musamman da ke zuwa a kwali wanda ke yin ƙas idan ɗaurin ya kai. Ni na tsaya da na uku kafin ya yi ƙas ɗin, don ina tsoron kar in fasa wani abu. Wasu fil ba su taɓa ba, hanya ɗaya ta RAM ta ɓace. Na kwance, na sake ɗaurawa bi da bi har na ji ƙarar, shi ke nan.

Me ya sa Cinebench ke ɗaukar minti goma? Ba a zagaye ɗaya ake gamawa ba?

A zamanin R15 haka ne, kuma shi ya jawo matsala. Furosesa mai ƙwayoyi da yawa tana cinye wannan fage cikin 'yan daƙiƙoƙi, tun ƙarfen mai sanyaya bai ɗumama ba. Abin da ka auna a nan gudun fanfalaki ne na ɗan lokaci, alhali renda ta gaskiya tafiyar awanni ce.

Furosesan zamani suna da dabarar zabura. Ɗauki Core i9-10900K: a ƙa'idar Intel tana iya jan wat 250 na kimanin daƙiƙa 56, sannan ta sauko zuwa 125. Gwajin da ya ƙare a daƙiƙa arba'in bai taɓa ganin wannan saukowar ba. Ga kuma mai sanyaya na ruwa: a farkon gwaji ruwan yana da sanyin ɗaki, yana shanye zafi kamar ba komai, sai bayan mintuna ya ƙoshi, a lokacin ne za ka san ainihin ƙarfin radiyeto da fankokinsa. Shi ya sa R23 ta zo da mafi ƙarancin lokaci na minti goma, tana maimaita fagen har lokacin ya cika, akwai kuma zaɓin minti talatin. Idan makin zagaye ɗaya da na minti goma sun yi kusa, sanyayawarka ta isa. Idan na biyun ya faɗi sosai, na biyun ne gaskiyar na'urarka.

An rubuta TDP wat 350. Abin da take ja ke nan?

Ya danganta da wace furosesa. TDP, wato adadin zafin da ake sa ran furosesa za ta fitar, asalinsa jagora ne ga mai ƙera abin sanyayawa, ba alƙawarin mita ba ne. A Threadripper 7980X, lambar 350 ta yi daidai da iyakar da furosesa ke tsayawa a kai idan ba a taɓa komai ba. A Ryzen 9 7950X kuwa an rubuta 170, amma iyakar wutar soket 230 ce. Core i9-13900K an rubuta mata 125, tana kuma da izinin kaiwa 253. Da zarar an kunna PBO (zaɓin ɗaga iyakar wuta) a na AMD, ko an cire iyaka a na Intel, lambar kwali ta tashi daga aiki. Threadripper mai ƙwayoyi 64 da aka sake wa mara tana iya ninka abin da aka rubuta mata.

Wani abu da ke tsorata sababbin shiga: 7950X an gina ta ne ta riƙa hawa har zafinta ya kai digiri 95 a ma'aunin Salshiyas ta zauna a nan muddin akwai sauran wuta. Ganin 95 a wannan furosesa lokacin renda ba alamar gobara ba ce. Abin dubawa shi ne gudun da take riƙewa a wannan zafin.

Ƙwayoyi 64 za su ninka gudun ƙwayoyi 16 sau huɗu?

Ba za su ninka ba, kuma a nan gizo ke saƙar. Dalilai uku ne suke haɗuwa.

Na farko wuta. Raba wat 230 ga ƙwayoyi 16, kowace ta sami kusan 14. Raba 350 ga 64, kowace ba ta kai 6 ba, wannan ma kafin a cire kason ɓangaren da ke kula da RAM da PCIe. Ƙwayar da ke cin ƙasa da rabin abin da 'yar'uwarta ke ci dole ta rage gudu. Ba ta raguwa da rabi, domin hawa na ƙarshe-ƙarshen gigahaz (ma'aunin gudun furosesa) shi ne mai tsadar wuta, amma tana raguwa.

Na biyu shi ne abin da Gene Amdahl ya bayyana tun 1967: duk aikin da ke da wani yanki da ba ya rabuwa, wannan yankin ne zai sa wa saurin iyaka. A renda, yankin nan shi ne buɗe fayil, loda hotunan da ake lulluɓe siffofi da su, gina bishiyar da injin ke bi ya san wane tsinken haske ya daki wace siffa, da ajiye hoton a ƙarshe. A ce kashi 5 cikin ɗari na aikin ƙwaya ɗaya ce ke yin sa. Ƙwayoyi 16 za su ba ka ninki 9 da ɗan kai, 64 su ba ka kusan ninki 15 da rabi, kuma ko dubu ka tara ba za ka wuce ninki 20 ba. Idan yankin ya sauko zuwa kashi 1, ƙwayoyi 64 sai su ba da kusan ninki 39. Ka ga ashe ƙaramin abu ne ke juya lissafin. Ma'aunan da aka saba da su an tsara su ne yadda wannan yanki zai zama kaɗan ƙwarai ko a fitar da shi daga lissafi, shi ya sa suke yi wa manyan furosesa kwalliya. Fim mai firam dubu, kowane firam yana cin daƙiƙa ashirin na shiri da talatin na renda, ba zai ga wannan kwalliyar ba.

Na uku, wutsiyar aiki. Ka zauna ka kalli R23 tana gudana a kan furosesa mai zare 128, wato mai ƙwayoyi 64 da kowace ke jan layin aiki biyu. Ƙananan murabba'ai sun cika allo, kowanne yana cin gabansa, hoton yana buɗewa kamar ana yaye labule. Can kusa da ƙarshe sai ka ga saura murabba'i biyar, sai uku, sai ɗaya tilo da ya faɗa kan wuri mai gilashi da ƙyalli yana ta fama, sauran zarurruka 127 sun naɗe hannu suna kallonsa. A fage ƙarami wannan jiran yana da kaso mai tsoka a jimillar lokaci. Iya girman furosesa, iya girman fagen da ya kamata a gwada ta da shi.

Na ji ana cewa Windows ba ta iya amfani da zare fiye da 64. Gaskiya ne?

Da gyara a zancen. Windows tana kasa zarurruka rukuni-rukuni, kowane rukuni bai wuce 64 ba. A Windows 10, manhajar da ba a rubuta ta da sanin rukunonin ba takan maƙale a rukuni ɗaya, sai ka ga rabin furosesa yana aiki rabi yana barci. Wannan ya fito fili lokacin da 3990X ta zo da zare 128 a 2020. Manyan injinan renda sun san da zancen kuma suna bazuwa ko'ina, sannan Windows 11 ta canza tsarin yadda manhaja ke iya ratsa rukunoni ba sai ta roƙa ba. Duk da haka ka buɗe Task Manager lokacin gwaji, ka sa ta nuna kowane zare da akwatinsa. Idan rabin akwatunan fayau suke, makin da ka samu na rabin na'ura ne. Masu gwaji a Linux sun sha samun Blender ta ɗan fi sauri a can, don haka tsarin da aka yi awon a kai shi ma a rubuta shi.

Saurin RAM yana da tasiri?

A R23 kaɗan ne, domin fagenta ƙarami ne, mafi yawansa yana zama a ma'ajiyar cikin furosesa. Wannan ma wani makafin gurbi ne na ma'aunin. 2990WX misali ce mai kyau: gutsattsarin siliki huɗu ne a cikinta, biyu daga ciki ba su da hanyar kansu zuwa RAM, sai sun bi ta 'yan'uwansu. A Cinebench ta yi zarra, a ayyukan da ke yawan zirga-zirga da RAM kuwa wani lokacin 'yar'uwarta mai ƙwayoyi 16 takan sha gabanta. Wanda ya saye ta saboda makin Cinebench kaɗai ya ga abin da bai zata ba.

A fage na gaske mai ciyayi miliyoyi, ko hayaƙi, ko gashi, faɗin hanyar RAM yana fara magana, musamman idan bakuna 64 ko 96 ne ke sha daga rijiya ɗaya. Amma yawan RAM ya fi saurinta muhimmanci. Ranar da fage ya fi ƙarfin RAM har tsarin ya fara aro daga ma'adanin SSD, duk wani maki ya zama tarihi.

To makin ƙwaya ɗaya fa, me zan yi da shi tunda renda duka ƙwayoyin take ci?

Renda ce kaɗai ke cin duka. Sauran yininka, jan siffa, juya fage a allo, lissafin motsin tufafi, yawancinsu ƙwaya ɗaya ko kaɗan ne ke ɗauke da su. Na'ura na iya zama zakara a renda ta kuma riƙa yi maka nauyi a hannu. Ka duba lambobin biyu.

Sau nawa ya kamata in maimaita gwaji, kuma me zan rubuta?

Aƙalla uku, biyar ya fi. Ka sake kunna kwamfutar, ka bar ta ta natsu na wasu mintuna, ka yi zagaye ɗaya na ɗumi wanda ba za ka lissafa ba, sannan ka fara. Ka ɗauki na tsakiya, kar ka ɗauki mafi girma. Mafi girma na nuna wa abokai ne. Idan sakamakon yana tsalle da fiye da kashi biyu ko uku tsakanin zagaye da zagaye, wani abu na kutsawa, ka nemo shi kafin ka ci gaba.

Tare da makin ka rubuta zubin manhaja, zubin BIOS, tsarin aiki, yawan RAM da saurinta da adadin sanduna, irin mai sanyaya, iyakar wuta, da zafin ɗakin. Na ƙarshen nan mutane suna raina shi, alhali ɗakin da ya ƙaru da digiri goma furosesa ma kusan haka za ta ƙaru. Ka kuma faɗi ko akwatin kwamfutar a rufe yake ko a buɗe. Masu bita da yawa a kan buɗaɗɗen tebur suke gwaji, kai kuwa taka tana cikin akwati ƙarƙashin tebur ta jingina da bango. In kana gwada canji, abu ɗaya za ka canza a lokaci guda. Wanda ya canza RAM da mai sanyaya da BIOS a tashi ɗaya, ya ga maki ya hau, bai san wa zai gode wa ba.

Lambobin da kamfanoni ke nunawa ranar ƙaddamarwa abin yarda ne?

Yawanci lambar gaskiya ce, sharuɗɗan ne ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe. A baje kolin Computex na 2018 a Taiwan, Intel ta nuna furosesa mai ƙwayoyi 28 tana gudu a gigahaz 5, ta kawo maki 7,334 a Cinebench R15. Sai daga baya aka gano cewa an tura ta fiye da ƙa'ida ne, kuma wata na'urar sanyaya ruwa mai ƙarfin doki guda ce ke riƙe da ita, ba a kuwa ambaci hakan a kan dandamali ba. Da furosesar ta fito kasuwa da sunan Xeon W-3175X, gudunta na ƙa'ida bai kai nan ba. Kowane kamfani, ba Intel kaɗai ba, yana zaɓen gwajin da ya fi yi masa kyau. Ka jira masu bita masu zaman kansu, biyu ko uku, ka ga ko bakinsu ya zo ɗaya.

Tunda katin hoto ya fi sauri, me ya sa ake wahalar auna furosesa?

A Cycles ko Redshift, katin hoto mai ƙarfi yakan bar ko babbar furosesa a baya, wannan ba abin musu ba ne. Inda furosesa ke riƙe da tutarta shi ne wurin ajiya. A katunan hoto, RTX 4090 tana da gigabait 24, RTX 5090 tana da 32, dandamalin Threadripper kuwa yana ɗaukar RAM har terabait guda, na PRO ma fiye. Fagen da ya ƙi shiga cikin kati, furosesa za ta ɗauke shi, ko da a hankali. Ga kuma injina irin Corona da ba su da wata hanya sai ita. Bayan haka makin renda ya zama ma'aunin ƙarfin dukan ƙwayoyi a dunƙule, har ga wanda bai taɓa renda ba. A nan ne nake ɗan ja da baya: mai harhaɗa lambobin manhaja ko mai matse bidiyo ya auna da aikinsa, domin kowanne da yadda yake matsa wa furosesa.

Ta yaya zan san wadda ta fi tattalin wuta?

Kar ka tsaya a wat, ka ninka shi da lokaci. Misali na lissafi kawai: furosesa mai jan wat 350 da ta gama aiki a minti 6 ta ci wat-awa 35. Mai jan 230 da ta ɗauki minti 13 ta ci kusan 50. Wadda ta fi kama da mai haɗama ita ce ta fi tsimi. Ka kuma gwada rage iyakar wutar taka da kanka. Sau da yawa za ka yanke kaso mai yawa na wuta da zafi da ƙarar fanka, makin kuwa ya ragu da ɗan kaɗan.

Idan na'urata ta wuce minti talatin na Cinebench, ta tabbata lafiyayya ke nan?

Ta wuce Cinebench dai. Renda nauyi ne mai ɗorewa iri ɗaya, kuma ba ta cika tatsar RAM ba. Na'urar da aka rage wa wutar ƙwayoyi na iya yin awa guda tana renda lafiya, ta zo ta faɗi lokacin da ba ta komai, sa'ad da ƙwaya ɗaya ta zabura zuwa ƙololuwar gudunta. Ka haɗa da gwajin RAM irin MemTest86, da mai matsa lissafi irin Prime95, sannan ka bar ta ta kwana tana rendar aikinka na gaske.

Yaya zan auna da fayil ɗina maimakon fagen wasu?

Ka zaɓi firam ɗaya daga aikin da ka riga ka gama, mai nauyi irin wanda ka saba, ba mafi sauƙi ba. Ka ƙayyade adadin samfuri, ka kashe iyakar lokaci idan ka sa, don kowace na'ura ta yi aiki iri ɗaya. A Blender ba sai ka buɗe fuskar manhajar ba, daga layin umarni za ka rubuta:

blender -b aikina.blend -f 120 -- --cycles-device CPU

Wannan zai yi rendar firam na 120 da furosesa kaɗai, ya rubuto maka lokacin da ya ci a ƙarshe. Yayin da yake gudana ka lura da saƙonnin da ke wucewa, za ka ga daidai inda shiri ya ƙare aka fara ƙirga samfuri. Ka rubuta lokutan biyu daban. Idan shirin ne ke cinye rabin lokacin, ƙarin ƙwayoyi ba zai yi maka maganin komai ba. SSD mai sauri, ko ƙwaya mai gudu, ko kunna zaɓin Persistent Data don kar a sake gina fage a kowane firam, su za su fi taimakonka. Idan kuwa ƙirgar samfurin ce ta mamaye, ka kwafi fayil ɗin da zubin Blender iri ɗaya a filasha, ka nemi wanda ke da furosesar da kake hari ya gudanar maka da wannan layin sau uku, ka ninka bambancin da yawan firam ɗin da kake fitarwa a wata.